Takardar Nusret Ta Fito Ba Tauraro

Zumreta ba ta iya jira a gida ba. Ta hau tudun masallaci tana haki, jaka a hammata, ta tsaya a gindin hasumiya har mijinta ya idar da kiran azahar. Yana sako kai daga 'yar ƙofar ta fizge hularsa ta ɓoye a baya.

"Albishirinka, tsoho!"

"Haba Zumreta, a ƙofar masallaci? Ba ni hulata, Liman na jira."

"Ya jira. Faɗi tukuici tukuna."

Nusret ya san ƙa'ida. Mai kawo labari mai daɗi ba ya buɗe baki sai an yi masa alkawari, ko da kuwa matarka ce ta shekara talatin da huɗu. Ya yi mata alkawarin koren mayafin nan da take ta leƙawa a shagon bakin gada. Sannan ta mayar masa da hular, ta zaro takardar gwajin jininsa ta buɗe masa a fuska.

"Duba da kyau. Ina tauraro?"

Shekara shida ke nan duk bayan wata uku ana ɗibar jininsa, kuma kowace takarda tana fitowa da ɗan tauraro a gefen lambar suga. A unguwar nan ba sai ka yi boko za ka iya karanta takardar asibiti ba, tauraro na nufin abu ya wuce iyaka. Yau wurin fayau yake. Ya juya takardar ya duba baya ko can ya koma. Babu. Ya shiga sahu yana ta murna, har ya rasa a raka'a ta nawa ake.

Shekara ashirin da shida ya yi a bayan sitiyarin tasi, daga tashar garin zuwa Sarayebo da dawowa, burek, gasasshiyar fulawa mai nama a ciki, a cinya, gahawa mai sukari uku a kowane zango. Ranar da aka gano ciwon suga, Likita Mubera ta ɗora shi a kan magani biyu: babba fari safe da yamma tare da abinci, da wani ɗan ƙarami kafin karin kumallo. Ta yi masa maganar tumbi har ta gaji. Abin da ya motsa shi daban ne. Masallacin unguwar ba ya amfani da lasifika, tsofaffi sun ce tun zamanin kakanninsu ladan hawa yake yi, kuma ba a kansu za a daina ba. Da gwiwoyin tsohon ladan suka ƙi, aka ce Nusret ya karɓa, tunda duk wanda ya taɓa shiga tasinsa ya san yana da murya. To matakalar hasumiyar a murɗe take, a matse kuma. A taki na goma sha biyu ya maƙale, ba gaba ba baya, sai da Liman ya kama bel ɗinsa ya jawo shi kamar murfin kwalba. Aka yi sati ana dariya.

Washegari bayan asuba ya kama hanyar idon ruwan da ke saman dutse, awa ɗaya da rabi zuwa da dawowa. Wata goma sha huɗu yana yi, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Burodi ya koma yanka ɗaya, burek sai Lahadi. Kilo ashirin da tara suka tafi. Yanzu matakala tamanin da ɗaya yake hawa sau biyar a rana, ya kai sama da sauran numfashinsa na kira.

Kafin ya fito daga salla Zumreta ta gangara unguwa. Gida gida ta bi tana albishir, kuma duk mai ƙaunar Nusret sai da ya sa mata wani abu a jaka. Labarin yana tafiya yana ƙiba. A layin farko tauraro ne ya ɓace. A bakin famfo Nusret ya warke. Kafin ya isa gada, likitocin Sarayebo sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba.

Da la'asar falonsu ya cika da tire-tiren baklawa, alkakin garin, kowanne yana ɗigar ruwan sukari. Liman ya leƙo ya sha gahawa, ya ce, "Ba ka manta da bakancenka ba ko, ladan?"

Bai manta ba. Shekara shida da suka wuce, da fushi ma ya faɗa, ya ce ranar da ya rabu da maganin nan zai yanka rago ya ciyar da unguwa.

"Asabar," in ji wata murya daga ƙofa. "Rago yana nan, ni zan juya shi da hannuna. Ka ji ko, Tsinke?"

Sabit ne, mahauci, mijin Rasema ƙanwar Zumreta. A da su biyun ba sa shiga ƙofa ɗaya tare. Yanzu Sabit ya rage shi kaɗai da tumbinsa, abin yana cinsa.

"Na ji, Randa. Sai dai ka bar wa mutane cinya ɗaya."

Rasema kuwa tana kicin tana taya yayarta wanke kofuna, ta hango kwalayen magani a kan firij. "Yaya, waɗannan fa? Kar su lalace a banza, magani mai kyau irin wannan." Ta zuba su a jaka kamar yadda take kwashe sauran miya. Nusret ya gani ta ƙofa, ya ƙyale ta. Da aka zauna cin abincin yamma, karo na farko cikin shekara shida babu farin abin nan a gefen farantinsa. Ya ji kamar yaro ranar salla.

Ganin likita washegari ne, ranar Juma'a da safe. Likita Mubera 'yar abokin aikinsa ce na tasha, shi ya riƙa kai ta makaranta tana ƙarama idan motar babanta ta ƙi tashi. Ta karanta takardar, ta tashi ta zagayo tebur ta riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Baffa Nusret, wallahi ka faranta mini. Mutum ɗari nake yi wa wa'azin tafiya, kai kaɗai ka tafi."

"To 'yata, rubuta. An sallami Nusret."

"Zauna tukuna. Kwanan nan ka taɓa jin hannunka na rawa? Gumi mai sanyi, jiri, yunwa kamar za ka ci tebur?"

Ya sosa kai. "Sau biyu. A saman hasumiya, dab da azahar. Na ci dabino ya wuce."

"A saman hasumiya! Ka kuma yi shiru?" Ta dafe ƙirji. "Aikin ƙaramin maganin nan ne. Da kana da nauyi daidai yake da kai, yanzu ya fi ƙarfinka, yana jan suganka ƙasa. Daga yau ka rabu da shi. Har abada, in Allah ya so."

"Alhamdu lillahi. Babban fa?"

"Babban mu raba shi biyu. Rabi safe, rabi yamma, wata uku. Mu sake gwaji. In ya yi kyau mu cire shi gaba ɗaya, mu sake jira wata uku mu ga jininka shi kaɗai."

"Amma babu tauraro, Likita. Ki duba."

"Na duba. Wannan lambar aikin mutum biyu ce, ƙafafunka da maganin. Ban san rabon kowa ba, kai ma ba ka sani ba. Mai yiwuwa ne ka jefar da shi yau ka zauna lafiya, akwai waɗanda aka yi wa haka. Amma shekara shida ba wata shida ba ce, kuma in sugan zai dawo ba zai yi sallama ba. Ba ciwo, ba zazzaɓi, sai dai ido ko ƙoda su ba ka labari daga baya. Ni dai a hankali nake so mu sauka. Sai dai ba zan bi ka gida in sa maka a baki ba."

"An riga an sayi rago."

Ta tuntsire da dariya. "Wane ne ya ce ka warke?"

"Zumreta. Da unguwa."

"To a gayyace ni, ina cin haƙarƙari." Ta rubuta sabuwar takardar magani ta miƙa masa.

Ya ninke ta huɗu ya tura cikin aljihu. A hanyar gida ya tsaya gaban kyamis, ya hango mai shagon tana ɗago masa hannu biyu tana murna, ya ɗaga mata ya wuce. In ya miƙa wannan takarda, kafin a sauko daga Juma'a kowa ya ji. Ya bi ta layin su Sabit da niyyar karɓo kwalayensa, har ya kai hannu ƙofa, ya tuna tambayar da Rasema za ta yi: me za ka yi da su kuma? Ya juya.

Ba kunyar kansa ce ta fi damunsa ba. Albishir yana da wata ƙa'idar. In labari ya zama ba haka ba, wanda ya kai shi ne zai bi gida gida ya mayar da tukuici da hannunsa, sunan kuma ya bi shi har kabari. Akwai tsohuwa a layin gada da har yau ake kira Mai Tagwaye, don shekara arba'in da suka wuce ta yi albishir da tagwaye alhali jariri ɗaya ne. Zumreta ta shiga gida goma sha bakwai.

Tana jiransa a bakin ƙofa, da gari a hannu. "Me ta ce?"

"Ta yi murna ƙwarai. Har ta riƙe hannuna."

"Ba na faɗa ba!" Ta shafa masa gari a kumatu ta koma kicin tana waƙa.

Bayan Juma'a ya gaisa da mutane har hannunsa ya gaji. Yana ta gaya wa kansa, ai likitar da bakinta ta ce akwai waɗanda suka jefar suka zauna lafiya. Zai ƙara tafiya, ya kai har bayan idon ruwa. Wa zai sani? Ranar ma bai sha komai ba.

Asabar tun hantsi Sabit ya hura gawayi a farfajiyar gidan Nusret, ya soke ragon a dogon ƙarfe, ya zauna a kan kututture yana juyawa. Awa huɗu ake yi, a hankali, ba tsayawa, kuma Sabit ba ya yarda kowa ya taɓa masa. Maza suka jera tebura ƙarƙashin bishiyar tuffa, mata suna fito da kabeji da gasasshen tattasai. Wani ya kawo akodiyan, abin kiɗan nan mai kama da zugazugi, yana ja. Duk wanda ya shigo sai ya ƙwanƙwasa cikin Nusret ya ce ina sauran.

Wajen sha ɗaya Nusret ya ji ƙauri. Ya waiwaya ya ga ƙarfen ya tsaya, gefen ragon yana baƙi.

"Kai Randa, barci kake? Za ka ƙona mini bakance!"

Sabit ya ɗago kai a hankali. Fuskarsa ta yi fari fat, gumi na zuba har wuyan riga, hannunsa a kan ƙarfen yana karkarwa. "Tsinke," ya ce, harshensa na nauyi, "wa ya... wa ya ƙara rago? Biyu nake gani."

Mutane suka yi dariya. Nusret bai yi ba. Ya san wannan gumin, ya san wannan rawar hannun.

"Rasema! Me ya ci yau?"

"Bai ci komai ba, ya ce wurin nama yake ajiyewa."

"Me ya sha?"

Ta kama bakin mayafinta tana murzawa. "Ɗan ƙaramin nan naka ne kawai. Biyu na ba shi, tunda ya fi ka jiki. Ai mun ga yadda ya zabge ka, kai kuma ka warke, ba ka bukata..."

Nusret ya riga ya kai teburin mata. Ya sunkuci tiren baklawa, ya karkata shi ya tsiyaye ruwan sukarin cikin kofi, ya tallafi ƙeyar Sabit. "Sha. Sha duka, ɗan banza. Haɗiye! Wani ya kira Likita Mubera, wani kuma ya juya ragon nan!"

Liman ne ya naɗe hannun riga ya kama ƙarfen.

Ba a yi minti goma ba jini ya fara dawowa fuskar Sabit. Ya lashe baki, ya dubi kofin. "Wannan baklawar Hajiya Mevlida ce," ya ce. "Lemon tsaminta ya yi yawa."

Likita dama tana hanya. Ta shigo da jakarta, ta tsikari yatsansa ta auna, ta sa aka ba shi burodi da cuku, sannan ta juya kan Rasema. Abin da ta faɗa mata ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma har mai akodiyan ya ajiye kayansa. Ta ce maganin nan ba ya rage ƙiba ko ta cokali ɗaya, mutum yake kashewa in aka sha shi da ka. Ta ce Sabit zai zauna kusa da ita har yamma tana auna shi, in ya sake yin ƙasa asibiti za su kwana.

"Kusa da ke da haƙarƙari?" in ji Sabit. "Na yarda."

Rasema ta zazzage jakarta a kan tebur tana kuka, kwalayen suka zubo. Likita ta tsame ƙananan ta jefa cikin tata jakar. Manyan ta bar su nan. Ba ta dubi Nusret ba, ta je ta zauna.

Shi kuwa kwalayen yake kallo. Jiya hannunsa ya kai ƙofar gidan su Sabit ya janye. Da ya ƙwanƙwasa, da duk wannan bai faru ba. Ya ɗauki kwali ɗaya, ya hau kan kututturen Sabit.

"Jama'a, ku saurara. Ban warke ba."

Kowa ya juyo yana kallonsa.

"Wato na warke, amma ban gama ba. Magani biyu nake sha. Ɗaya an sallame ni daga shi jiya. Wannan kuma rabi zan riƙa sha wata uku, a gwada, a cire, a sake gwadawa. Tun jiya na sani na yi shiru. Zumreta ba ta yi ƙarya ba, tauraro ya tafi. Sauran ni da ku muka ƙara."

Ya sauko bai yarda ya dubi matarsa ba. Ita ta zo ta tsaya a gabansa, hannu a ƙugu.

"Tun jiya?"

"Tun jiya."

"Kwana biyu ba ka sha ba, don kar a yi mini dariya?"

"Gida goma sha bakwai, Zumreta."

"Sha takwas. Sakarai kawai. Ka ɗauka da mayafi nake so in zauna ko da miji?" Ta shige ciki, ta fito da babbar jakarta, ta dire a tebur ta fara fiddawa: kwalbar zuma, sabulu, ƙullin gahawa, kyandir. "Kowa ya zo ya ɗauki nasa, ƙafata ta huta. Ku kira ni duk sunan da kuka ga dama."

Ba wanda ya motsa. Sai Hajiya Mevlida mai baklawa, wadda ta haura tamanin, ta dogara sanda ta zo. Ta tono safar ulu da ta saƙa da hannunta, ta raba su, ta tura ɗaya cikin aljihun rigarta, ta miƙa wa Zumreta ɗaya.

"Magani biyu, an cire ɗaya. Riƙe wannan, yarinya. Ki dawo da sauran labarin ki karɓi 'yar'uwarta."

Dariya ta ɓarke. Mai zuma ya ce shi ba zai iya raba kwalba ba, ta sha rabi ta ajiye rabi. Mai sabulu ya nemi wuƙa. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Allah gafarta Malam, to wannan ragon fa? Ya biya bakance?"

Liman bai daina juyawa ba. Ya yi ɗan tunani, ya ce, "Cewa ya yi ranar da ya rabu da magani. Bai rabu ba. Wannan na godiya ne. Na bakance yana nan yana kiwo."

Ihun da aka yi ya fi murnar ranar Alhamis da aka yi albishir. Mai akodiyan ya ɗauki kayansa. Nusret ya dafe kai, yana dariya har hawaye.

Da aka sauke ragon, Zumreta ta yanko masa nama daga kafaɗa, ta tara masa kabeji a gefe. Ta ɓallo farin maganin ɗaya, ta ɗora a kan katakon yanka, ta sa wuƙar Sabit a kan tsagar tsakiya ta danna. Rabi ta miƙa masa, rabi ta naɗe a takarda don yamma. Ya ci loma uku, ya jefa shi a baki ya kora da ruwa, mutum sittin suna kallo.

Sabit yana gefen Likita da ƙashi a hannu, ɗan yatsansa naɗe da auduga. Ya matso da kujera.

"Tsinke. Idon ruwan nan naka, akwai wurin zama a hanya?"

"Akwai dutse a rabin hanya."

"Mai faɗi?"

"Zai ɗauki rabinka."

Sabit ya gwaguyi ƙashin, ya dubi tudun da ke bayan rufin gidaje, ya yi ajiyar zuciya. "Gobe kar ka yi sauri," ya ce.